Kazar Da Ta Yi Shaidar Zur

"Tashi ka taka," in ji Babana.

Is'haƙa ya dube ni kafin ya dubi ƙafarsa. Ina tsaye a bakin zaure da ƙwaryar ruwa a hannuna. Kwanansa arba'in yana kwance a ɗakin majinyata na gidanmu a Matankari, ƙafar dama a ɗaure cikin karare da tsumma, sai yau aka kwance ta. Abin da na gani bai yi mini kama da ƙafar da ta warke ba. Ƙasan gwiwar ya kumbura ya yi sheƙi kamar ɗan gora da aka shafa wa mai.

"Baba... da zahi har yanzu," ya faɗa a hankali.

"Tsoro na. Ga kazarka can tana kiwo. Tashi."

Duk muka juya muka dube ta. Farar kaza ce mai ɗigon baƙi a wuya, da ƙyallen rigar Is'haƙa a ƙafarta, tana tonon ƙasa a gindin rumbu hankalinta kwance.

Babana, Malam Sha'ibu, maɗori ne ɗan maɗori. A gidanmu idan aka kawo mai karaya, sai a kama kaza a karya mata ƙafa irin wadda ta karye wa mutumin, a ɗaure su rana ɗaya, a yi musu tofi ɗaya. Ranar da kaza ta taka, ƙashin mutum ya kama hanya. Haka kakana ya yi, haka Baba ya gada, kuma tun daga Tibiri har ƙauyukan iyaka ba wanda ya taɓa jin kazar gidanmu ta yi ƙarya.

Is'haƙa ya dafa bango ya miƙe. Ɗan kokowa ne, ba ya son a ga gazawarsa, ballantana a gaban mahaifin yarinyar da zai aura. Ya sauke ƙafar, ya sakar mata nauyinsa.

Na ji ƙarar. Ƙas, kamar an taka busasshen kara.

Bai yi ihu ba. Ya zube ne kawai, ya ciji leɓensa har jini ya fito. Mahaifiyarsa, Iya Sa'a, ita ta yi kururuwar a madadinsa. Ƙwaryar hannuna kuwa ban san lokacin da ta faɗi ba.

Baba ya durƙusa ya taɓa wurin, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago, ba Is'haƙa ya kalla ba, ni ya kalla. Ya ce shekara talatin yana ɗori, bai taɓa ganin kaza ta taka mutum ya kasa ba, sai in an karya doka. Dokar kuwa kowa ya san ta: mai karaya ba ya taɓa mace, ko da yatsa, har ranar da za a kwance shi.

Nan Marwa ta samu bakin magana. Ɗiyar wan Iya Sa'a ce, ta biyo ta jinya, kuma tun ranar da ta zo nake ganin yadda take gyara wa Is'haƙa matashin da bai karkace ba. Ta sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, ta ce ita dai ba ta son tada zance, amma wata safiya da sassafe ta ga Sahura, wato ni, ta fito daga bayan ɗakin nan da jajayen idanu, tana ɓoye wani abu a zani.

Ba ƙarya ta yi ba. Wannan shi ya fi ƙona mini rai.

Bari in koma baya kaɗan. Na san Is'haƙa ne shekara biyu kafin wannan rana, lokacin da ya rako wani abokinsa da kafaɗarsa ta goce a filin kokowa na Dogon Dutsi. Kafaɗar abokin ta koma cikin minti biyar, amma Is'haƙa ya ci gaba da zuwa daga garinsu Gesheme duk ranar kasuwa wai yana gaida Baba. Na ce masa wata rana in dai gaisuwa ce ta isa haka, ko sarki ba a yi masa wannan zaryar. Ya yi dariya ya ce shi ma karaya gare shi, a ƙirji, kuma an ce masa ɗiyar maɗori ce kaɗai ta iya ɗorinta. Maganar ba ta da wani daɗi, amma ta kwana a raina. Aka kai kaya, aka sa rana bayan babbar salla.

Tun damina yake jin ciwo a gwiwar, yana ɓoyewa. Yakan ce targaɗe ne. Bayan girbi kuma, mutumin da ƙarti ba su iya kayarwa, ya diro daga amalanken gero, tsallen da ko tsohuwa za ta yi, ƙafar ta karye.

Tun rasuwar mahaifiyata ni ke kula da kajin gida, saboda haka ni na kamo kazar, ni kuma aka bar wa ba ta tsaba a ƙarƙashin kwando, a bayan ɗakin majinyata. Ran kwana na shida na ɗaga kwandon na tarar da ita a sandare, tururuwa har sun fara taruwa.

Na zauna a ƙasa na yi kukan da ba sauti. A rayuwata ban taɓa ganin kazar ɗori ta mutu ba, amma na sha jin tsofaffi suna cewa in ta mutu, mai ita ba tashi zai yi ba. Na hango Iya Sa'a tana kwashe ɗanta, na hango ana raɗa cewa ƙafata ba ta da albarka, tun kafin in shiga gida na fara cinye miji. Na kuma hango Is'haƙa yana jin labarin, ya karaya, ya saki jiki ya bi kazar. Sai na tuna tana da 'yar uwa, ƙyanƙyasa ɗaya, kamarsu ɗaya.

Ni da ko yankan kaza ba na iya kallo, na kama ƙafarta da hannuna biyu na karya. Na ɗaure ta yadda na ga Baba yana yi tun ina rarrafe, na mayar mata da ƙyallen rigar, na ɓoye matacciyar a zani na kai ta bayan gari. A ganina na ceci masoyina ke nan. Wauta ta ishe ni, Allah Ya sani.

To ga shi kazar ta warke sumul, ta tsaya a gaban jama'a ta ba da shaida a kansa.

A ranar Iya Sa'a ta sa aka ɗora shi a mota suka koma Gesheme. Washegari Baba ya tattara kayan sa rana ya aika musu, ya ce ba zai ba da ɗiyarsa ga wanda ya ci amanar gidansa ba, ni kuma ya daina amsa gaisuwata. Iya Sa'a ta ce ita ma ba ta son surukar da ba ta iya haƙurin kwana arba'in. A rijiya mata sukan yi shiru in na iso. Is'haƙa ya dafa Alƙur'ani a gaban liman ya rantse ko gefen zanina bai taɓa ba, mutane suka ce to, amma kaza fa ta taka. Aka kai shi Lugu wurin 'yan bori, aka ce doguwa ce ta zauna a gwiwar. Aka yi turare, aka yi yanka, kumburin ya ci gaba da hawa.

Ni kuwa na yi gum. Kwana goma sha takwas. Kullum in ce gobe zan faɗa, gobe ta zo in ga fuskar Baba, in fasa. Zan ce masa na mayar da gadon ubansa wasan yara? Zan ce wa Is'haƙa kazarsa ta gaskiya ta mutu, alhali yana kwance yana neman abin da zai riƙe?

Ran na goma sha tara da hantsi ya kira ni a waya. Muryarsa ta shige ciki, kamar ba shi ba.

"Sahurata... na yi tunani har na gaji. Wataƙila ni na karya dokar ban sani ba."

"Ta yaya?"

"In kin kawo tuwo kin aje bakin ƙohwa, ina kallonki har ki ɓace. Na yi mafarkinki ya hi sau goma. Ƙila shi ma taɓawa na. Ki yahe mini, hasken idona, na ɓata miki suna a banza."

Na kashe wayar, don ba zan iya jin sauran ba. Mutumin da na zalunta ne yake roƙona gafara.

Baba yana zaure yana feƙe karare. Na durƙusa na faɗa masa komai, tun daga tururuwa har bayan gari. Na sa ran mari, har na matso da fuskata. Bai mare ni ba. Ya ajiye wuƙar, ya yi ta kallon yatsunsa.

"Ɗiyata, kin san abin da akan yi in kazar ɗori ta mutu?"

Na ce mutumin ne zai mutu.

"Wa ya hwaɗa miki? Maɗori ka cire hannu nai. Ya ce wanga ba nawa ba na, ku kai shi gaba. Sau biyu ubana ya yi haka, ni ban taɓa ba, shi ya sa ba ki sani ba." Ya numfasa. "Tun kwana na goma yatsuna sunka ji ƙashin yaron ga da taushi, kamar ba ƙashi ba. Na so in tura shi likita. Sai kaza ta taka, na ƙaryata yatsuna."

Ban taɓa ganin Baba ya tsufa ba sai a wannan zaman.

Bai jira la'asar ba. Ya sa babbar riga, ya ce in ɗauko mayafi, muka kama hanyar Gesheme. A tsakar gidan su Is'haƙa, gaban maƙwabta, mutumin da ba ya sunkuya wa kowa ya cire hularsa ya ce yaron nan bai karya doka ba, daga gidansa kuskuren ya fito. Sannan ya ce in faɗa da bakina. Na faɗa. Iya Sa'a ta kira ni da sunayen da ba zan rubuta ba. Marwa ta zame ta shige ɗaki, ban sake ganinta ba. Is'haƙa yana kwance a tabarma, ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito, ya saurare ni har ƙarshe. Tambaya ɗaya ya yi: ranar da ya dafa Alƙur'ani, na riga na sani? Na ce na sani. Ya juya fuskarsa bango.

Washegari aka kai shi asibiti a Dogon Dutsi aka ɗauki hoton ƙafar. Likitan ya ɗaga hoton a jikin taga, muka ga kan ƙashin ƙwauri ya yi wani babban rami mai duhu. Baba ya matso har hancinsa na taɓa hoton. Shekara talatin yana lalube ƙashi, bai taɓa ganin cikinsa ba. Likitan ya ce akwai ƙari a cikin ƙashin, shi ba zai iya cewa wane iri ba ne, sai Yamai.

Iya Sa'a ba ta son ko ganin inuwata, amma a cikin mu duka ni kaɗai na yi lakwal, wato boko, har kolej, ni ke jin Faransanci. Dole ta sa ta bar ni na shiga motar. Daga Dogon Dutsi har Yamai Is'haƙa bai ce mini ko sannu ba.

A can suka ɗebi ɗan yanki daga cikin ƙarin suka aika bincike, suka ce mu jira. Mako uku muka yi muna jira. A wannan zaman na koyi kalmar da kowa a ɗakin ke tsoro, kansa, wato ciwon daji, na kuma ga mutum biyu da aka shiga da su da ƙafa biyu aka fito da su da ɗaya. Nakan dafa abinci a gindin bishiya inda masu jinya ke girki, in miƙa wa Baba ya kai masa. Kwanon yakan dawo wani lokaci a cinye, wani lokaci yadda na zuba.

Ranar sakamako babban likitan ƙashi ya kira mu ofishinsa. Bazabarme ne, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, ma'aikaciyar da ke yi masa tafinta kuma an kira ta wani ɗaki. Ya tambaya wa ke jin Faransanci, na ɗaga hannu kamar a aji. Yana faɗa ina mayarwa.

Ya ce ba kansa ba ce. Na faɗa, Iya Sa'a ta fashe da kukan hamdala, Baba ya shafa fuska. Ya ce wani irin ƙari ne da ba a cika gani ba, shi kansa bai wuce sau huɗu ya gamu da shi ba. Ba ya yawo a jiki yadda kansa ke yi, amma yana cin ƙashi daga ciki ya bar bayansa, kamar gara a azara. Shi ya sa ɗan tsalle ya karya shi, shi ya sa kuma ba ɗorin da zai kama. Ba za a yanke ƙafar ba. Za a kwashe ƙarin, a haɗa ƙashin cinya da na ƙwauri da ƙarfe. Zai yi tafiya, amma gwiwar ba za ta sake lanƙwasawa ba har abada. Kuma ƙarin yakan dawo, sai an riƙa ɗaukar hoto duk wata shida.

Na mayar da wannan ma. Is'haƙa ya runtse ido. Ɗan kokowa ba gwiwa, ya san abin da ake nufi.

Sai likitan ya nuna hoton da bakin alƙalami, ya ƙara wata magana, kamar da kansa yake yi. Ya ce karaya biyu yake gani. Ta farko ba ta taɓa gaɓar ba. Da a kanta aka zo, da sun kankare ramin sun cika shi da wani irin siminti na likita, ya tashi da gwiwarsa. Ta biyun ce ta tsaga har cikin gaɓa, ga alama an sa shi ya taka ƙafar. Ya girgiza kai, ya sunkuya ya ci gaba da rubutu.

Ba wanda ya ji abin da ya ce sai ni. Iya Sa'a tana share hawaye, Baba yana jan carbi, likita ba zai maimaita ba. Da na haɗiye maganar, ta tafi ke nan har ranar tsayuwa. Ga shi zuciyar Iya ta fara sanyi, ɗazu har ta dafa kafaɗata da murna.

"Mi ya ce kuma?"

Is'haƙa ne. Maganarsa ta farko gare ni cikin kusan wata guda, idonsa a cikin nawa.

Na buɗe baki in ce ba komai, maganar magani ce. Wallahi har ta zo kan harshena.

"Ya ce da ba a tashe ka tsaye ba, da ba ka rasa gwiwar ba," na faɗa. "Ya ce takawar da ka yi ranar nan ita ta tsaga gaɓar. Kazar da na musanya ce ta sa anka tashe ka, Is'haƙa. Ni na ci maka gwiwa."

Carbin Baba ya tsaya. Iya Sa'a ta janye daga kusa da ni kamar na zama wuta. Likitan ya ɗago yana duban fuskokinmu, bai san me ya faru ba. Is'haƙa ya ce in fita. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Aka yi aikin ranar Talata, awa biyar. Ina gindin bishiyar nan, ban shiga ba, ban kuma koma Matankari ba duk da Baba ya ce in koma. Kwana huɗu ina zaune ina kallon tagar ɗakinsu. Na riga na sallama auren a raina. So nake kawai in ga ya taka ƙasa, ko da sanda, sannan in tafi.

Ran na biyar Iya Sa'a ta fito da kanta. Ba ta dube ni ba, ta ce da iska wai ana kirana.

Yana kwance, ƙafar a miƙe cikin farin bandeji tun daga cinya har idon sawu. Na tsaya daga nesa, ya ce in matso, dokar kwana arba'in ba ta aiki a nan.

"Ban yahe miki ba, Sahura."

"Na sani."

"Ina ƙoƙari, bai zo ba tukuna. In na tuna hilin kokowa sai in ji kamar in shaƙe ki." Ya kalli rufin ɗaki. "Amma da anka hito da ni daga ɗakin aiki, ban san inda nike ba, sunanki na yi ta kira. Inna ta ji, duk ɗakin ga sun ji, har suna yi mini dariya. To mi zan yi da wanga?"

Na ce ban sani ba. Hawaye ya hana ni ganinsa sosai.

"Kin iya ɓoye maganar likita, ba wanda zai sani. Mi ya sa kinka hwaɗi?"

"Na gaji da aurenka da ƙarya tun ba a ɗaura ba."

Ya miƙo hannu, na sa nawa a ciki. Ya matse shi har na ji zafi, ban janye ba.

"Kar ki tahi," ya ce. "Sauran, sai a hankali."

An ɗaura aurenmu bayan damina, ba kiɗa mai yawa. Iya Sa'a ta yi shekara guda kafin ta ci tuwon hannuna. Baba yana ɗorinsa har yau, da kazarsa, sai dai duk ƙashin da yatsunsa suka yi shakka a kai, Dogon Dutsi yake turawa a ɗauki hoto tukuna. Is'haƙa ya buɗe shagon hatsi a kasuwar Gesheme. A zaune yake salla, ƙafar a miƙe gabansa, kuma in aka fara kiɗan kokowa a bayan gari yakan rufe shagon ya dawo gida ya kwanta. A irin ranakun ba na yi masa magana, in ajiye masa fura in fita. Ban taɓa tambayarsa zancen yafiya ba, shi ma bai tayar ba.

Duk wata shida mukan hau mota zuwa Yamai a duba ko ƙarin ya dawo. Shi yakan zauna a kujerar gefe don ƙafar ta samu wurin miƙewa a hanya, ni kuma in zauna inda zan tare ta da jikina kada masu wucewa su buge ta. A tafiya ta huɗu, mun tsaya a Dosso yana ɓare gyaɗa yana zuba mini a tafin hannu, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Af, Sahura... maganar nan ta wuce tun bara. Na manta ban hwaɗa miki ba."

Na yi ta kuka har Birnin Gaure, shi kuma yana ba fasinjoji haƙuri, yana ce musu ƙaiƙayin gyaɗa ne ya faɗa mini a ido.